Neman abinda ke shanye batirin Camry ɗita

Alhamis, 20 ga Yuni 2024

Daga yau zan dinga rubuta duk abinda na yiwa motar nan da kwanan wata, don na gaji da canza kaya akan zato, kuma na san idan ban rubuta ba nan da sati biyu zan manta wanne na auna wanne ban auna ba. Motar Camry ce ta 2001, injin 2.2 mai silinda huɗu, giya otomatik, 'yar Amurka. Ita nake shiga kullum daga Agege zuwa shago a Computer Village a nan Legas, ita ke kai yara makaranta, ita ke kai maman yara Mile 12 cefane ƙarshen wata, don haka in ta tsaya gidan ne gaba ɗaya ya tsaya.

Abinda ya faru: na ajiye ta ranar Asabar da yamma jajibirin babbar sallah, Lahadi a ƙafa muka je idi, Litinin da Talata hutu ne ban taɓa ta ba, jiya Laraba da safe na shiga na murɗa makulli sai fitilun dashbod suka kawo dishi-dishi, sai ƙas ƙas ƙas ƙas da sauri kamar ana buga keken ɗinki, shikenan. Maƙocina ne ya kawo motarsa aka haɗa min wuta ta tashi. Batirin nan kuwa wata takwas kenan da na saye shi sabo dal, 62Ah, wato yawan wutar da yake iya ɗauka kenan.

Akwai kuma wata matsalar daban da ta daɗe tana min, wadda nake ganin ba ɗaya suke da wannan ba duk da kowa haɗa su yake. Wani lokaci batir na da ƙarfi, fitilu tar, in murɗa makulli sai in ji ƙas guda ɗaya mai nauyi daga cikin bonet, inji bai juya ba, in saki in sake, a na uku ko na huɗu ta tashi lafiya kamar ba ita ba. Wannan tun kafin azumi take yi jefi-jefi.

Na tsaya wajen wani mai wayarin a hanya jiya, ko mita bai ɗauko ba, yace in tada ta, na tada, kawai sai naga ya kwance kan batir yana shirin zare shi mota na aiki wai zai gwada altaneta, wato abinda ke caja batir in inji na aiki. Nace a'a don Allah mayar. Wannan gwajin na motocin da ne masu kafireto, batir shi ne yake danne hawa da saukar wutar da altaneta ke bayarwa, in ka zare shi inji na aiki wutar na iya yin tsalle ta ƙona birenbos, wato kwamfutar mota, ko ita kanta altanetar. Yace to ai batirin ne ya mutu in sayo wani. Nace na gode na wuce. Ni gyaran wayar salula nake yi, mita ce a hannuna tun safe har dare, ba zan canza aysi a waya ban auna ba to me zai sa in yarda a yiwa mota haka.

Na kira Kawu a Idi-Araba, shi ya yi aikin wayarin shekara da shekaru a Ƙofar Ruwa kafin ya dawo nan wajen 'ya'yansa, idonsa ya ɗan yi rauni yanzu amma kansa na nan garau. Yace kai ɗan nan kar ka sayi komai tukuna, ka kai batirin a cika shi taf sannan ka kira ni.

Asabar, 22 ga Yuni

Batir ya kwana wajen mai caji jiya, na ɗauko da safe na barshi ya huta kamar awa uku kafin in auna, saboda in ka auna yana saukowa daga caji zai nuna maka 13 da wani abu ka ɗauka ƙarfi ne alhali wutar sama-sama ce. Bayan ya huta mita ta nuna bolt 12.64.

Ga wanda bai sani ba, batirin da muke cewa 12 a gaskiya ɗaki shida ne a ciki kowanne na bada kamar 2.1, shi yasa cikakke yake nuna 12.6. In ka ga 12.4 ya ragu kamar kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ne ya rage, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa duk da mutane in sun ga 12 cif sai su ce ai lafiya lau yake. Tazarar kaɗan ce a lamba amma a aiki babba ce.

Kafin in mayar na duba kan batir, na fari-fari da kore-kore ya taru a jikin na fosetif kamar gishiri. Ruwan zafi na zuba ya narke, na goge sandar da cikin kan da sanfefa har suka yi ƙyalli, na ɗaure da sifana 10, fosetif farko sannan negetif, na shafa ɗan giris a sama. Iskar garin nan mai laima da gishiri ba ta barin ƙarfe ya zauna lafiya, abinda zai shekara uku a Kano bai yi tsatsa ba anan damina ɗaya ta ishe shi.

Sai gwaji na biyu. Na ɗora mita akan sandunan batir, ƙanina ya murɗa makulli ina kallo, lokacin da kik ke juya inji ta sauka zuwa 10.4 sannan ta hau. Ƙa'ida dai kar ta faɗi ƙasa da 9.6, don haka batirin bai mutu ba. Amma naji juyin da ɗan nauyi, ba irin karsashin da ya kamata cikakken batir ya bayar ba, na rubuta wannan a gefe.

Na uku altaneta. Inji na silo mita ta nuna 14.1. Na kunna fitilun gaba, esi, fanka a ƙarshe, rediyo, komai, ta sauka 13.7 ta tsaya anan. Tsakanin 13.5 da 14.5 ake so, kenan tana caji. Kawu a waya yace in juya mitar zuwa AC in sake ɗorawa, don in dayod ɗaya ya lalace a cikin altaneta za ta iya nuna tana caji da rana kuma da dare ta dinga tsotse batirin ta baya. Na juya, 0.04 ta nuna, ba komai kenan. Nace Kawu kun ga batir lafiya altaneta lafiya, to ina wutar take zuwa? Yace akwai ɓarawo a cikin gidan, ajiye ta yau kar ka taɓa ta sai Litinin ka auna kafin ka tada.

Na rufe ta ƙarfe biyar na yamma akan 12.63.

Litinin, 24 ga Yuni

Ƙarfe bakwai na safe kafin in sa makulli: 12.28. Awa 38 kawai tana tsaye ba wanda ya buɗe ko ƙofa. Ta tashi dai amma da ƙyar. To magana ta fito, wani abu na jan wuta mota a kashe, kuma dalilin da yasa ban taɓa lura ba shi ne kullum ina hawa, altaneta na mayar da abinda aka sha da dare, sai da hutun sallah ya zo ta yi kwana uku da rabi a tsaye asirin ya tonu. Gashi ma tafiyar tawa gajera ce kuma rabinta a gosulo esi a kunne, da ma batirin ba ya samun cika sosai.

Yau ba lokaci, shago ya cika da masu gyara bayan sallah. Da dare zan dinga zare negetif har zuwa lokacin da zan samu zama.

Alhamis, 27 ga Yuni

Yau na dawo da wuri musamman don wannan aikin, kuma alhamdulillahi an kama ɓarawon.

Zargina na farko fitilar cikin but ce, don ƙaramin ƙwan nan in ya ƙi mutuwa yana jan kusan rabin amfiya kuma ba mai ganinsa tunda but a rufe yake. Na kunna bidiyo a wayata na ajiye ta a ciki na rufe, na buɗe na kalla, fitilar na mutuwa da zarar murfin ya sauka. Ba ita bace.

Sai na koma mita. Yadda ake yi: ka cire makulli, ka rufe duk ƙofofi, ka mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A ka juya ta zuwa amfiya DC, ka kwance negetif, tsinke ɗaya akan sandar batir ɗaya akan kan da ka cire, yadda duk wutar da motar ke ja sai ta bi ta cikin mitar. Abu ɗaya da zan ja kunne akai, a wannan yanayin kar a kuskura a murɗa makulli, kik na jan amfiya 100 zuwa 200 ita kuma mitar 10 ce iyakarta, nan take fiyus ɗinta zai tafi in ma ba ita kanta ba. Ni aljihuna na jefa makullin don kar ƙanina ya manta.

Na jira minti ashirin don komai ya kwanta, a sababbin motoci ma sai ka jira fiye da haka kafin kwamfutocinsu su yi barci. Lambar ta tsaya a 0.52. Lafiyayyar mota a kashe bai kamata ta wuce 0.05 ba, ɗan abinda agogo da birenbos da rediyo ke riƙe ƙwaƙwalwa da shi, kenan tawa ta ninka sau goma. Na yi lissafi a bayan kwali: 0.52 sau awa 24 ya kama 12.5Ah a rana, daga yammacin Asabar zuwa safiyar Laraba wajen awa 85 ya kama 44Ah a batirin da gaba ɗayansa 62 ne. Lissafi ya zo daidai da abinda ya same ni, naji daɗin wannan ƙwarai don daga nan na san ba a duhu nake lalube ba.

Na buɗe akwatin fiyus na cikin bonet, na ɗauki hotonsa tukuna don kar in rikita wuraren, na fara zarewa ɗaya bayan ɗaya ƙanina na karanto min mita. Na zare in mayar, in zare na gaba. HORN ba canji, HAZARD ba canji, EFI ɗan kaɗan, DOME ɗan kaɗan shima. Ina zare wanda aka rubuta RADIO NO.1 sai yaron yace Yaya ta faɗi! 0.03.

Nan take na tuna. Cikin azumi na sa aka cire tsohuwar rediyon aka sa min mai allo ta Android don taswira da karatu, kuma tun lokacin na lura ko ba makulli tana kunnuwa, ni a tunanina wata fasaha ce tata, har daɗi nake ji ina sauraron tafsiri ina jiran yara ba sai na sa makulli ba. Na ɓalle fuskar dashbod na jawo ta, ga abinda na gani a baya: rawayar waya da jar waya an murɗe su tare an naɗe da baƙin tef an jona su a waya ɗaya mai wuta kullum. A irin rediyoyin nan rawaya ita ce ta batir kai tsaye don riƙe ƙwaƙwalwa, ja ita ce ta makulli wadda ke gaya mata an kashe mota ki kwanta, baƙa ta at, wato negetif da ke haɗe da bodi. Tunda an haɗe su rediyon ba ta taɓa sanin an kashe mota ba, in na danna maɓalli allon ne kawai yake duhu amma cikinta na nan na aiki, na taɓa bayanta ma da ɗumi alhali motar ta fi awa biyu a kashe.

Raina ya ɓaci gaskiya, don wanda ya sa min minti biyar zai ɗauke shi ya nemo wayar makullin, tana nan a soket ɗin asali a naɗe ba a ko taɓa ta ba. Na gano ta da mita, ba makulli sifili, na murɗa zuwa ACC ta kawo 12. Na raba su na yi musu dalma na sa robar da ake ƙonawa ta kama, ban yarda da murɗe-murɗe da tef ba a wajen da ke jijjiga kullum. Na mayar da fiyus na sake aunawa, 0.04.

Asabar, 29 ga Yuni

Na daina zare negetif. Jiya da dare 12.61, yau da safe 12.58. Wannan ɓangaren ya wuce in sha Allah.

Amma ƙas ɗin nan guda ɗaya ta yi min sau biyu a satin nan, ɗaya a ƙofar makarantar yara ɗaya a gidan mai a Ikeja mutane na ta hon a bayana. Wani abokina ya ara min ɗan sikana mai bulutut, na soka a soket ɗin OBD2 mai hanci 16 a ƙasan sitiyari, ba lambar matsala ko ɗaya, da ma nasan cire batir da na dinga yi ya goge duk abinda ke ciki, kuma a motar wannan shekarun birenbos ba ruwansa da lafiyar kik, ba abinda zai nuna.

Laraba, 3 ga Yuli

Yau kam kowa a Legas ya ga ruwa. Tun asuba ake tafkawa ba ƙaƙƙautawa, hotunan Iyana Oworo da ake ta turowa motoci sun nutse har tagogi hanyar hawa gadar Third Mainland ta toshe. Ban fita ba sai bayan azahar da ya tsagaita, na bi a hankali inda ruwa bai wuce rabin taya ba, inda ban ga ƙasa ba na juya, don in inji ya zuƙi ruwa ta wajen shan iska maganar ta wuce ta batir.

Da zan taso daga shago da magariba ta ƙi. Ƙas, shiru. Ƙas, shiru. Sau tara na ƙirga. Wannan karon na nutsu na lura maimakon in ta murɗawa. Na kunna fitilar cikin mota na murɗa, ko ƙiftawa ba ta yi ba, kenan kik ɗin ba ya jan wuta ma sam, da batir ne ya gaza fitilar za ta dushe. Na mayar da giya N na gwada, don akwai makunni a jikin giya da ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba kuma yana tsufa, nan ma ƙas ɗin ce. Da ma tunda ana jin ƙarar ai saƙon makulli yana isa. Na buɗe bonet cikin yayyafi, wani yaron maƙocin shago ya riƙe makulli a murɗe, na miƙa wil sifana na ɗan ƙwanƙwasa jikin kik ɗin, a wannan injin yana saman giya kusa da batir hannu na kaiwa, bugu na biyu ta juya ta tashi.

Ban kashe ta ba har gida. Bugun nan ba gyara bane, kuma in aka cika ƙarfi ana iya fasa wani abu a ciki, na yi ne don in isa gida kawai.

Asabar, 6 ga Yuli

Na je Idi-Araba da mota bayan sallar asuba kafin hanya ta cika. Kawu ya sa aka fito masa da kujera gaban bonet, yace kai ne hannu ni ne baki. Ni da na zo da niyyar mu kwance kik kawai, yace a'a, kace min juyin da nauyi ko da cikakken batir, mu fara duba hanyar da wutar ke bi kafin mu kama mai gidan.

Abinda ya koya min yau ban taɓa yinsa a mota ba. Waya na iya nuna maka 12.6 a ƙarshenta in ba a jan komai, ko da sili ɗaya ne ya rage a cikinta, sai an ɗora mata kaya za ka san gaskiyarta. Don haka ana aunawa ne lokacin da kik ke aiki, kuma tsakanin farkon wayar da ƙarshenta, abinda mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya. Muka zare fiyus ɗin EFI don inji ya juya amma kar ya kama. Tsinke ɗaya a sandar fosetif ta batir, ɗaya a babban notin da ke jikin kik, jikansa ya murɗa: 0.3. Yace wannan ya yi, in bai kai rabin bolt ba ba laifi. Sai ɓangaren at, tsinke ɗaya a sandar negetif ɗaya a jikin ƙarfen kik ɗin, aka murɗa: 0.9. Kawu yace sake. 0.9. Yace wannan bai kamata ya wuce 0.2 ko 0.3 ba, bi wayar da hannunka har inda ta ƙare.

Na bi ta. Daga waje fes take, amma inda aka ɗaure ta da noti a jikin giya na ɗan yaye robar sai ga kore shar, silin suna karyewa a hannuna kamar busasshiyar ciyawa, wajen ɗaurin kuma tsatsa da baƙin mai sun yi kauri. Mun samu wata mai kauri daidai ita a wajen masu kaya na kusa, na kankare wajen zaman har farin ƙarfe ya fito na ɗaure tam. Aka sake aunawa 0.15, juyin kuma ya canza har a kunne, wani irin karsashi da na manta motar na da shi.

Na fara murna, Kawu yace tada ta sau ashirin mu gani. A na sha huɗu, ƙas. Yace yauwa, riƙe ta a haka kar ka saki makullin, yanzu ne za mu kama shi yana cikin yi. Ƙaramar wayar da ke kawo saƙo daga makulli: 11.9, kenan makulli da rile da makunnin giya duk sun fita daga zargi. Babban notin da ke zuwa daga batir: 12.4. Ɗaya notin da ke ƙarƙashin roba wanda ke shigar da wuta cikin motar kik ɗin kanta: sifili. Wuta ta zo bakin ƙofa ba ta shiga ba. Nace Kawu kenan solonoyid ne, makunnin da ke jikin kik ɗin? Yace jan ƙarfen cikinsa ne ya cinye, irin kik ɗin Denso na motocin nan ciwonsu kenan, na gyara su ba adadi, kuɗin abin bai kai na cin rana ba amma yaran yanzu sai su ce ka sayo kik gaba ɗaya.

Talata, 9 ga Yuli

Jiya da dare na kwance kik. Negetif na fara cirewa, wannan wajibi ne don babbar wayar kik kai tsaye take daga batir ba fiyus a tsakani, sifana ta taɓa ta ta taɓa bodi wuta ce za ta tashi. Na cire bututun iska don in samu fili, noti biyu na 14 ne ke riƙe da shi, ya fito ba wahala.

A bayan solonoyid akwai ɗan murfi mai noti uku ƙanana, na buɗe akan jarida. Ciki sanda ce mai faifan jan ƙarfe a kai da ɗan sifirin, sai jan ƙarfe biyu masu lanƙwasa hagu da dama, ɗaya na batir ɗaya na motar kik ɗin. In ka murɗa makulli maganaɗisu ne ke fizgo sandar, ƙas ɗin da ake ji kenan, ta tura haƙorin kik ya kama filawil, faifan kuma ya dafe jan ƙarfen biyu wuta ta ƙetare. Duk tashi ɗaya sai ya yi ɗan tartsatsi ya ci kaɗan. Nawa na ɓangaren batir ya cinye ya yi rami har ya kusa zama takarda, ɗayan da sauransa, shi yasa faifan in ya sauko sai ya zauna akan mai tudun ya bar mai ramin, sai in ya ɗan juya an dace. Gefen faifan ma duk ya yi ƙuraje baƙi. Na duba burushin cikin motar kik ɗin tunda na riga na buɗe, da sauran tsawonsu sosai.

Yau da safe na hau mota zuwa Oshodi na sauka a tashar Toyota na shiga Ladipo da tsofaffin a leda. Tun daga bakin hanya yara ke tare ka me kake nema oga, mutum uku na farko duk cewa suka yi ba a sayar da wannan daban sai dai cikakken kik tokumbo, ni kuma tunanina shi ne tokumbon nan shima shekara ashirin ya yi yana tada wata motar a wata ƙasar, waye ya san nasa jan ƙarfen saura nawa. Sai can ciki layin masu gyaran kik da altaneta wani dattijo ya karɓi ledar ya juya su a tafin hannunsa ya jawo wani gwangwani cike da su. Siffarsu kala-kala ce shi yasa zuwa da tsohon yake da muhimmanci, muka ɗora ɗaya kan ɗaya har muka samu daidai, na haɗa da sabuwar sandar.

Wajen ɗaurawa Kawu ya ja min kunne a waya cewa jan ƙarfen sai sun kwanta shimfiɗe daidai da juna, in kana ɗaure notin suna son karkacewa, in suka karkace faifan gefe kawai zai taɓa wata uku ka dawo inda kake. Na danne kowanne da guntun katako ina ɗaurewa, na kula da robobin da ke raba su da bodi na mayar yadda na same su a hoto. Na haɗa, na ɗora, bugu ɗaya ta tashi.

Asabar, 20 ga Yuli

Kwana 11 kenan, ina sa alama a takarda duk tashi, 63 zuwa yau da safe ba ƙas ko ɗaya. Na kuma yi gwajin tsayuwa da gangan, na ajiye ta daren Talata na dinga shiga danfo har safiyar yau, 12.62 na barta 12.53 na same ta, jan wuta a kashe 0.04.

Batirin dai ina sa masa ido. Irin wannan ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, kuma wata uku ya yi ana tsotsarsa kowane dare, yau lokacin juyi ya sauka 10.2, ƙasa kaɗan da 10.4 ɗin farko, wani ɓangare don yanzu kik ɗin na samun cikakkiyar hanya yana jan abinda ya kamata. Zan dinga aunawa duk Asabar in rubuta, ranar da ya doshi 9.6 sai in canza.

Sai wani abu da na gani yau ina mayar da murfin akwatin fiyus na cikin mota wajen gwiwar direba. Ɗaya daga ciki ya ƙone tun ban san yaushe ba an naɗa masa silin waya a ƙafafu an mayar, robar ramin har ta ɗan narke ta yi ruwan ƙasa. Na wajen cajin waya ne. Na zare shi gaba ɗaya na bar ramin a haka, ba zan sa sabo ba sai na gano abinda ya ƙona na farkon, ina zargin soket ɗin kansa don ya daɗe yana girgiɗi. Asabar mai zuwa zan ɓalle shi in kai wa Kawu tare da goron da na yi masa alkawari.